Tafiyar Neman wa Shekara Suna

Na faɗa rijiyar marina ranar sunan ɗana. Ragon suna ne ya tsinke, na bi shi, ya yi tsalle ya haye, ni ban haye ba. Abin da ya faru ke nan. Tafiyar da na yi don in gyara ita mutane ke damuna da tambaya a kai, a gona, a kasuwa, har wurin jana'iza. Na gaji da maimaitawa. Na sa Malam Habu ya ɗauko tawada ya rubuta yadda na faɗa. Mai so ya je ya same shi.

Sunana Jatau, mutumin Kiyako. Fari ne ni, shi ya jawo. Da baƙi ne ni kamar wana, da an tsamo ni an watsa mini ruwa an ci gaba da suna. Amma shuni ya sami wurin zama. Na fito shuɗi tun daga tsakar ka har tafin ƙafa. Haka na zauna gaban liman aka raɗa wa yaro suna, liman na addu'a kafaɗunsa na rawa. Mai marina bai yi mini sannu ba. Cewa ya yi na shanye masa ƙarfin ruwa.

A garinmu malamai ne ke ƙirga shekara. Mu suna muke sa mata. Gwaggo Yalwa, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a duniya, ita ke riƙe da sunayen a ka. In an gama girbi an rufe rumbuna sai ta faɗi sunan shekarar, shi ke nan ya zauna. Da shi ake sanin wa ya girmi wa. Ni an haife ni shekarar da yunwa ta sa aka tona gidan tururuwa. Maharan dutse sun kama ni shekarar jan ruwa, na gudo musu bayan na yi gemu, tabon bulalarsu na bayana. Ba na tsoron abu da yawa. Dariya ce ban iya ɗauka ba.

To, shekarar nan ba abin da ya faru. Ruwa ya yi daidai, fara ba ta zo ba, mahara sun bi ta wani wuri. Gwaggo ba ta da abin kamawa sai ni. Tun kafin a yanke gero mata suka fara cewa a bakin rijiya, shekarar da Jatau ya faɗa marina.

Duk 'ya'yan da matata Delu ta haifa kafin wannan sun koma. Shi ne ya tsaya, muna ce masa Barau. Na duba na ga duk ransa, in an tambaye shi ɗan wace shekara ne, sai ya ce ta faɗawar ubansa. Ranar neman aurensa a faɗa. Ranar da ya yi faɗa da wani a faɗa. Na je wurin Gwaggo.

Na ce, "Gwaggo, a sake wani suna."

Ta ce, "Da me? Kawo mini abu."

"Kura ta ɗauki akuyar maƙwabcina Tanko."

"Kura na ɗaukar akuya kowace shekara, ɗan nan. Kai sau ɗaya ka faɗa."

"Duniya da faɗi. Ba zai yiwu a ce ba abin da ya faru a cikinta bana sai ni ba."

"To je ka gani. In ka kawo abin da ya fi ka kafin a rufe rumbuna, na karɓa."

Na aske kai da gemu. Na dirje jiki da toka da yashi har fata ta yi zafi. Yawancin shunin ya fita, saura farce, da cikin kunne, da tabon baya. Na ari rawani na naɗe har haɓa. Delu ta ƙulla mini garin fura da dakuwa, ta ce, "Malam, kada ka yarda a ga kunnenka." Ban iya rubutu ba, don haka na yanke cewa duk labarin da na samu zan yi masa ƙulli a zariyar wandona.

Birnin Kudu na fara sauka. Gari ne tsakanin duwatsu, na sha zuwa cin kasuwa amma ban taɓa kwana ba. Na sauka gidan wani fatoma mai saukar baƙi. A Kiyako baƙo sai ya ci ake tambayarsa. A nan sai an gama tambayarka tuwo ke fitowa, ya riga ya huce. Miyar kuka ce, gishiri kamar an nuna mata shi daga nesa. Na sa hannu a akushi, fatoma ya kafa wa farcena ido.

"Marini ne kai?"

Na ce e.

Ya shiga gida ya ɗauko zanen matarsa da ya koɗe, ya ce in gaya masa dalili. Na juya shi, na shinshina, na ce ruwa ne. Ya ce shi ma haka ya yi zato.

Da safe na shiga kasuwa ina tambayar mutane me ya faru a duniya bana. Wani ya ce gishiri ya yi tsada. Wani ya ce surukarsa ta mutu, yana faɗa yana murmushi. Wani dogari ya fara bina a baya. A ƙarshe aka nuna mini wani Alhaji a gindin tsamiya, ramamme, ƙafafunsa sun tsage kamar fadama da rani. Shekaru ya yi a hanyar Makka, bai daɗe da dawowa ba. Ya ce can gabas, inda manyan koguna biyu suka haɗu, wani mutum ya tashi ya ce shi ne Mahadi, ya ci birnin Turkawa, aka kashe babban Nasaran da ke riƙe da shi.

Na ce, "Ka gani da idonka, Alhaji?"

"Na ga hayaƙi. Na ga masu gudu. Na bi su."

Wannan ya fi ni girma nesa ba kusa ba. Ina cikin murna dogarin nan ya tsuguna kusa da mu ya ce, cikin ladabi, duk wanda ya kai wannan magana ƙauye da igiya ake dawo da shi. Alhaji ya koma zancen daɗin dabinon Madina. Na yi ƙulli dai, ɗan ƙarami.

Da la'asar na tambayi fatoma, su nan wane suna suke ba shekarar bana. Ya fara dariya tun kafin ya amsa.

"Kai marini ne ba ka ji ba? Wani mutumin Kiyako ne ya faɗa marina ranar sunan ɗansa. An ce ragon ya dawo ya leƙa shi, ya girgiza kai, ya koma da kansa wurin mahauci."

Ragon bai yi haka ba.

Ya ce, "Ai ta can ka fito. Ka san shi?"

"Na san shi. Mutumin kirki ne."

"Wawa dai."

Daga nan na bi ayarin fatake masu zuwa Sara, don hanyar ba a binta kai kaɗai. Madugu ya sa ni a ƙarshen layi, bayan wani jaki mai ɓacin ciki. A nan na haɗu da wani Banufe, ana ce masa Ndagi, shi ma an tura shi baya don surutu. Ya yi aikin girki a jirgin wuta na Nasara a Kogin Kwara. Yana da takalma masu ƙara, ya rataye su a wuya don kada su lalace. Da na yi masa tambayata sai ya yi kamar an ba shi kyauta.

Ya ce sarakunan Nasara sun taru a wani birni mai sanyi, sun shimfiɗa takarda mai zanen ƙasashen baƙar fata, sun raba tsakaninsu kamar naman layya.

Na ce, "Sun ci su da yaƙi?"

"A'a. Ba su ma zo ba. Rabawa dai suka yi."

"Har Kiyako?"

"Har Kiyako."

"Wa ya samu Kiyako?"

"Ban sani ba."

"Shi ya sani?"

"Ba na zato."

Na yi ƙulli babba. Ya ce kuma wata ƙasa ta ƙera mace ta tagulla, tsawonta ya fi rimi, ta ba wata ƙasa kyauta. An yanyanka ta gunduwa-gunduwa, an zuba a akwatuna, an haye da ita teku. Na ce me take yi. Ya ce tana ɗaga fitila. Na ce wa take jira. Ya ce ba kowa, kuma har yanzu tana cikin akwatuna, don ba a gama gina mata wurin tsayuwa ba. Na ce wato an kai amarya ba a yi ɗaki ba. Mu ma muna yin haka a Kiyako, amma ba mu yanka ta. Na ƙulla.

Na ƙarshe ya ce wani mai maganin Nasara ya warkar da yaron da mahaukacin kare ya ciza, da tsinin allura. Wannan ita ce ƙaryar da ban yafe masa ba, don na ga yadda ƙanena ya mutu, yana gudun ruwa. Amma na ƙulla. Zariya ta fara gajarta, wando ya fara cin ƙuguna.

A Sara ranar kasuwa muka shiga. Furarsu ta fi tamu, ba zan ɓoye ba, nonon Fulani ne mai kauri. Ina sha sai na ji wani boka na kirari a kan tabarma, da goruna jere gabansa. Ruwan wankan Shuɗin Mutum yake sayarwa. Ya ce mutumin Kiyako ya kwana uku a ƙarƙashin marina wurin aljanu, ya fito yana jin maganar awaki. Ya ce shi da hannunsa ya yi masa wanka ya tara ruwan, maganin rashin haihuwa ne da ciwon baya. Mata sun yi layi. Wata ungozoma a gefena ta ce duk jariran da ta yanke wa cibiya bana 'yan shuni ake ce musu, kuma ba wanda ya mutu cikinsu.

Na tsaya ina kallonsa. Ya ce, "Malam mai rawani, matso. Na ga alamar kana da ciwon baya."

Ina da ciwon baya. Ban saya ba.

Na bar fatake a nan na nufi Gwaram tare da wasu masu sayar da tukwane. Na ce ko can, da yake bakin iyaka ne, suna da abin da ya fi ni damunsu. Gari ne mai ganuwa, mutanensa suna noma da baka a rataye. Suna da al'ada a ƙofa: duk baƙo sai ya cire hula ko rawani an duba tsagen fuskarsa, don mahara kan shigo da shigar fatake. Na ce ina da ciwon kai. Mai tsaron ƙofa ya ce kowa haka yake cewa. Ya warware rawanin da kansa. Ya duba kunnen dama. Ya zaga ya duba na hagu. Ya ɗaga rigata ya ga tabon bulala, layi-layi shuɗi. Sai ya ja da baya ya cire takalmansa.

"Kai ne?"

Na ce ni ne.

Tun da aka haife ni ban ci abinci kamar na Gwaram ba. Kifi daga kogi, kaza, tuwon shinkafa, zuma. Aka ba ni ɗaki mai sabon daɓe. Mata suka riƙa kawo jarirai in dafa musu kai. Wani tsoho ya jawo akuyarsa ya ce in tambaye ta abin da ke damunta, ta daina cin abinci. Na ce ban jin maganar awaki. Ya ce to in saurara dai. Na saurara. Na ce kanwa take so. Aka ba ta, ta lasa, gari ya ɗauka.

Ina tambayarsu labarin duniya suna cewa ai ni ne labarin.

Sai shugaban masu tsaron ganuwa ya zo, wani dogo mai ido ɗaya, da mutum biyu masu mashi a bayansa. Ya gaishe ni da kyau. Ya ce lokacin girbi ne, lokacin da maharan dutse kan sauko, kuma an san suna tsoron aljanu. Yana roƙon in hau ganuwa in riƙa tsayawa inda za a hango ni.

Na ce, "Daga nesa ba a ganin kunne."

"Mun yi wannan tunani, Malam Jatau. Muna da marina."

Na dubi masu mashi. Su ma suka gaishe ni da kyau.

Sun yi abin cikin mutunci, in faɗi gaskiya. Sun ɗaura mini igiya a hammata, sun zura ni a hankali, sun ɗago, sun bar iska ta buge ni kamar yadda ake yi wa zane, sun sake zurawa. Marinin Gwaram ya san aikinsa. Ya ce na Kiyako bai iya haɗa toka ba, shi ya sa nasa ya koɗe da wuri. Na fito har ina sheƙi. Wani ya kawo shawara a kai ni mabuga, inda ake bugun rinannen zane ya yi sheƙi, mai ido ɗaya ya ce ya isa haka.

Na tsaya a kan ganuwa daga ni sai wando, rana na dukana, yara na ƙasa suna kallo. Mahara ba su zo ba. Ban sani ba ko da ma suna da niyyar zuwa. Mutanen gari dai sun ce ni ne. Da na ji ana shawarar a ba ni gona da mata, a riƙa sake rina ni kowace kaka, sai na ce zan je kogi in gaisa da 'yan'uwana na cikin ruwa. Ba wanda ya yi ƙarfin halin rakiya.

Kogin nan shi ne iyaka, ƙetarensa ƙasar Bauchi ce. Na ce can dai ba su san Kiyako ba. Mai fito ya ɗora ni a kan babban gora, ya iyo yana turawa, idonsa a rufe yana salati har muka kai. A gaɓa akwai mai karɓar kuɗin hanya a ƙarƙashin rumfa. Bai ji tsoro ba, shi aikinsa ya dame shi. Ya zaga ni ya ce mutum daban ne abin da yake biya, rinannen kaya daban.

"Kai wanne ne?"

"Mutum ne."

"An rina ka ko ba a rina ka ba?"

"An rina ni."

"Sau nawa?"

"Biyu."

"To mai tsada ne."

Ya karɓe rawanin aro, ya ce in na sami mai saye a gaba in dawo ta wurinsa.

Na yi tafiyar rabin yini ban ga kowa ba. Gonaki da dawa ta nuna, ba mai yanka. Sai na iso wani ƙauye, rabin bukkokinsa toka ne. Na san wannan wari, ba sai an gaya mini ba. A gindin wata kuka na ga mace tana bakace, da jaririya a baya, da wani tsoho makaho zaune a gefe. Na tsaya nesa na yi sallama don kada ta firgita. Ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa. Ba ta gudu ba. Wanda ya ga abin da ta gani ba ya gudun shuɗin mutum.

Sunanta Asabe, tsohon uban mijinta ne. Ta ba ni ruwa da ɗan tafasasshen wake. Jaririyar sa'ar Barau ce, wata ɗaya aka haife su. Na yi mata tambayar da na saba, su nan me suke ce wa shekarar bana.

Ta ce, "Shekarar da aka kwashe maza."

Tsohon ya ce, "Ta biyu. An yi ta farko."

Ta ce ni fa, me ya same ni. Na gaya mata duka, tun daga rago. Ban taɓa ba wani labarin da bakina ba sai ita. Ta riƙe dariya har na kai wurin liman, daga nan ta kasa. Ta yi ta yi har ta zauna a ƙasa, jaririya na tsalle a bayanta. Tsohon yana cewa a gaya masa, wane irin shuɗi, mai duhu ko mai haske. Da ta share hawaye sai ta ce:

"Tsaya, Malam. Duk shekarar nan a garinku abin da ya faru ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ba a kama kowa ba?"

"A'a."

"Ba wanda yunwa ta kashe?"

"Babu."

"Sun nemi abin da za su kira shekara sun rasa, sai kai?"

"Shi ya sa na fito."

Ta dubi faifanta. Ta ce, "Akwai wurin zama a garinku?"

A nan tafiyata ta ƙare. Washegari muka juyo, ni na goya tsohon a wurare masu wuya. Mun zaga ta bayan Gwaram don kada a riƙe ni. Mai kuɗin hanya ya ce ashe ban sami mai saye ba. A hanya ba ɗan fashin da ya tare mu, wasu ma da suka hango ni sun bar mana tuwonsu a kan wuta.

Mun iso Kiyako ana ɗora wa rumbuna jinka. Delu ta fito ta gan ni, ta ce, "Malam, ai ka fi da." Ta koma ciki, na ji ta tana toshe baki da zane.

Aka taru a ƙofar Gwaggo Yalwa, da liman da dattawa da duk wanda ke iya tafiya. Zariya ta cika da ƙulli, dole na zare ta gaba ɗaya, na riƙe wando da hannu ɗaya ina karanta labarai da ɗayan.

Na fara da na Mahadi. Ban kai rabi ba liman ya yi tari ya ce a wuce wannan.

Na faɗi na macen tagulla. Gwaggo ta ce, "Ta haihu?" Na ce a'a. "Tana daka?" Na ce fitila take riƙewa. Ta ce wannan ba labari ba ne, ragwanci ne.

Na faɗi na mahaukacin kare. Tanko ya ce in kawo yaron a gani.

Sai na faɗi na rabon ƙasa. Wani dattijo ya ce har da fadamarsa? Na ce har da ita. Ya ce to wanda ya samu ya zo ya taya shi cire ƙaya. Amma Gwaggo ta ji daɗinsa. Ta maimaita a bakinta kamar mai ɗanɗana miya.

"Shekarar da aka raba duniya. Yana da nauyi. Ba mu gani ba, amma yana da nauyi." Ta dube ni. "Na yi maka alkawari, ɗan nan. Wannan ya fi ka. In kana so, shi ke nan, na sa."

Abin da na fita nema ke nan. Delu na bayan mata da Barau a hannu, ya yi ƙiba tun tafiyata. Asabe na kusa da ita da tata 'yar. Na tuna sunayen da Gwaggo ke riƙe da su, na bi su a raina tun daga nawa. Yunwa, jan ruwa, fara, agana, ƙonewar kasuwa. Ko ɗaya babu wanda za a faɗa yaro ya yi dariya.

Na ce, "A bar na farko."

Gwaggo ta ce, "Ban ji ba."

Ta ji sarai. Na ɗaga murya na ce, "Shekarar da Jatau ya faɗa marina. A bar wa yaran."

Asabe ta ce, "Gwaggo, a sa tawa 'yar a ciki."

Gwaggo ta ce ta sa. Ta ce amma tunda yanzu sau biyu ne, sai a gyara a ce faɗawar farko, don kada a rikice nan gaba. Na ce ba za a yi ta uku ba. Ta ce Allah ne masani.

Yau shekara biyar ke nan. Shekarun da suka biyo baya sunayensu irin na da ne, ba sai na faɗa ba. Shuni ya fita, sai tabon baya da bai saki ba. Wanda na ari rawaninsa har yanzu ba ya gaishe ni. Tsohon makaho ya rasu a nan, an binne shi cikin mutane. Asabe ta auri Tanko. Barau da 'yarta suna kiwon awaki tare, in baƙo ya tambaye su 'yan wace shekara ne, rige-rigen faɗa suke yi, shi har da nuna yadda na yi da ƙafafu.

Ni ina Kiyako, ina noma. Wanda aka ce an ba shi garin a rabon nan har yau bai zo karɓa ba. In ya zo ya tambayi gidan Jatau, gabas da marina. Ya bi ta gefe, bakin rijiyar yana da santsi.